Sau Goma Sha Bakwai

A tsibirinmu, can ƙuryar arewacin Norwe,
rana kan yi yaji tun ƙarshen Nuwamba,
ba kuwa mai zuwa biko.
Sai mu kunna fitila da safe, mu kashe ta da dare,
tsakaninsu duhu ne mai launin shuni.

Jirgin fito na Laraba ne ya kawo kwalin,
tare da dankali, da wasiƙu, da maganin tarin tsoho Torleif.
Kwamfutocin hannu goma sha ɗaya
ga yara tara.
Na sa hannu a takarda ina cewa a raina:
shekara talatin da ɗaya, alli bai taɓa neman caji ba.

Makon farko ba a cewa komai.
Sunniva ta ɗauki hoton hancinta sau arba'in.
Tagwayen Jorunn suka gano maɓallin da ke mai da murya ta agwagwa,
ni ce agwagwar.
Saura ƙiris in mayar da kwalin bakin ruwa.

Eilif fa, ɗan masunci, mai zama jikin bututun ɗumama ɗaki,
kalma kan maƙale masa kamar ƙayar kifi.
In ya ce "ji-ji-ji", sai in ce "jirgi",
wai na taimake shi.
Shekara biyu ina wannan taimako,
shekara biyu yana ƙara shiru.

Wata Alhamis na ƙirga kawuna, takwas.
A ɗakin takalma na same shi,
tsakanin jiƙaƙƙun riguna masu warin teku,
na'ura a gwiwa, littafi a gefe,
yana karanta mata labarin wani kare da ya ɓata.
Ban shiga ba.

Da suka watse na buɗe.
Sau goma sha bakwai ya naɗi muryarsa a kan shafi ɗaya.
A na farko, minti guda cur ya yi a bakin kalmar "ƙofa".
Ina jin numfashinsa,
harshena na ƙaiƙayi in ƙarasa masa.
Ita kuwa ta yi shiru abinta,
ɗigon ja kawai ke ƙiftawa,
ba ta dubi agogo ba,
ba ta yi masa murmushin tausayi ba.
A na goma sha bakwai karen ya isa gida,
sai yaron ya tuntsire da dariya shi kaɗai,
dariyar da ban san yana da ita ba.
Shayina ya huce a kan tebur.

Ba zan yi wa gilashi kirari ba.
Yakan sandare, yakan nemi kalmar sirrin da na manta,
Sunniva har gobe hancinta take ɗauka.
Amma mun ba shi aiki:
kullum sha biyun rana, in ana kiran wannan rana,
yaro ɗaya zai tsaya a tagar kudu ya ɗauki sama,
mu jera hotunan, mu ga shuni na komawa toka,
toka na komawa ruwan goro,
mu yi lissafin kwanakin da suka rage.

Daren ranar da muka ƙiyasta, iska ta tsinke waya.
Ba wuta, ba caji,
duk goma sha ɗayan sun mutu murus.
Muka tsaya a taga hannu rabbana.
Can sai ga gefenta a bayan dutse,
siriri kamar yankan farce.

Eilif ne ya fara gani.
Ya ce, "Ra..."
Tagwaye suka buɗe baki, na ɗaga yatsa.
"Ra..."
Na cije leɓe har na ji gishiri.
Dusar ƙanƙara na zamewa daga rufi, tim, tim.
Muka jira, mu tara,
yadda muka jira ta kwana hamsin da biyu,
har ya fito da ita da kansa.